Jirgin Ƙasan Baba: Yadda Za Ki Gyara Tsohon Abin Wasa Ba Tare Da Kin Lalata Shi Ko Kin Cutar Da Yaro Ba

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, Hajiya ta tara mu a ɗakinta ta ce a jawo mata tsohon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Tun muna yara muke ganin akwatin nan, amma ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Da aka buɗe, sai ga takardun makaranta da tsofaffin hotuna, can ƙasa kuma ga wani abu a naɗe cikin tsohuwar atamfa. Hajiya ta warware, sai ga kan jirgin ƙasa na wasan yara, kore, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Tare da shi akwai taragu biyu jajaye, da gutsattsarin layin dogo, da ɗan makullinsa an ɗaure a jiki da zare.

"Na babanku ne," in ji ta. "Kakanku ya sayo masa a Kano yana ɗan shekara shida. Ko ni bai cika yarda in taɓa ba. Ke da kike da maza, ɗauki ki kai musu."

'Yan'uwana suka ce sun bar mini. Na kawo shi gidana a Takur, a nan Dutse, ranar wata Asabar da ba ni da aiki a asibiti na ce bari in wanke shi. Na ɗauko soson ƙarfe da omo da ruwa a roba, na zauna a baranda na fara da tarago ɗaya. Ban yi minti biyu ina dirza ba na ga ruwan ya koma ja, rubutun da ke jikin taragon ya shafe, farin ƙarfe ya fito. Na ɗaga kai, sai na ga autana, ɗan shekara biyu, ya tsoma hannu a ruwan yana shirin kai wa baki.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, na sha yi wa iyaye mata bayani a kan gubar dalma, amma sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta haɗa wannan da wancan. A zama ɗaya na ɓata wa Baba taragonsa, na kuma kusa shayar da ɗana ruwan tsohon fenti. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Mu an tashe mu a kan cewa tsafta ita ce ƙyalli. Tukunya sai an dirje ta da toka da soso har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Wannan tarbiyya ce mai kyau a kicin, amma ita ce babbar abokiyar gabar tsohon abin wasa. Abin da na koya daga baya shi ne zan ba ki, uwargida, ko da abin da ke akwatinki ba jirgi ba ne. Hanyar ɗaya ce ga tsohuwar motar ƙarfe, da tsarabar Makka mai batir da aka ajiye tun tuni, da kayan wasan gwanjo da muke saya wa yara.

Daga ina irin wannan jirgi ya fito?

Jirgin ƙasa na gaske ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja layi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, ta Ringim da Malam Madori. Gyaɗa ce ta raya wannan layi. A tashoshin nan ake auna ta, a ɗure a buhuna, a loda wa taragu. Kakana ma'aikacin Reluwe ne a tashar Malam Madori, don haka ba abin mamaki ba ne da ya samu ɗan sarari ya shiga kantin Turawa a Kano ya sayo wa ɗansa ƙaramin abin da shi yake gani kullum a wurin aiki.

A ƙasashen da ake ƙera su, waɗannan jirage suna da dogon tarihi. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirgin wasa mai tafiya a kan layin da ake harhaɗawa tun 1891. A Amurka an kafa kamfanin Lionel a 1900, ya yi suna da jirage masu aiki da lantarki. A Ingila kuwa, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fitar da jirginsa na farko a 1920. Bayan yaƙin duniya na biyu, Japan ta cika kasuwannin duniya da kayan wasa na gwangwani, daga baya Sin ta karɓe ta. Sunan kamfanin da ya ƙera na Baba ya goge, abin da ya rage a ƙarƙashinsa shi ne tambarin da ke nuna a Ingila aka yi shi.

Iri uku za ki iya cin karo da su. Akwai wanda ake yi wa wani da makulli kamar tsohon agogon bango, shi ne irin namu. Akwai mai batir. Akwai kuma wanda ake jona wa wutar lantarki ta hanyar ƙaramar taransifoma.

Jikin tsofaffin da siririn ƙarfe aka yi shi, an shafe shi da kuza don kada ya yi tsatsa, irin dai na gwangwanin madara. Launi da rubutun da ke jikin taragu sau da yawa buga su aka yi, kamar yadda ake buga hoto a jikin gwangwani, kaurinsu bai kai na takarda ba. Soson ƙarfe yakan kwashe launin, ya kwashe kuzar da ke ƙarƙashinsa, ya bar ƙarfe tsirara. Taragon da na dirza bai yi mako ba ya fara tsatsa a daidai wurin, alhali ɗan'uwansa da ban taɓa ba ya shekara sittin lafiya lau.

Maganar dalma

A zamanin da aka ƙera waɗannan kaya, sa dalma a cikin fenti abu ne da aka saba, musamman a ja da ruwan ɗorawa da kore, domin tana sa launi ya fito ya kuma daɗe. Amurka ba ta haramta fenti mai dalma a gidaje da kayan wasan yara ba sai a 1978. Ko bayan nan matsalar ba ta ƙare ba. A watan Yunin 2007 an janye jiragen wasa na katako masu suna Thomas kimanin miliyan 1.5 daga kasuwar Amurka, saboda an samu dalma a fentin wasunsu.

Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi. A 2010, a ƙauyukan Zamfara da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Wancan guba ce mai yawa ƙwarai, abin wasa ɗaya ba zai kai ga haka ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ƙanƙanin adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ta fiye da na babba har ninki huɗu zuwa biyar, ya fi kuma zuƙa idan cikinsa babu abinci ko yana da ƙarancin jini. Tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta rage kaifin fahimta, ta kawo rashin natsuwa a aji. Mafi yawan lokuta ba zazzaɓi, ba kuka, ba wata alama da uwa za ta gani. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta.

Ido ba ya gane fenti mai dalma, hanci ma ba ya gane shi. Saboda haka dokata a gida ita ce: duk wani tsohon abin wasa mai fenti, ina ɗaukar sa a matsayin mai dalma. Fentin da ke zaune lafiya a jikin ƙarfe ba ya bin iska ya shiga jikin mutum. Haɗarin yana zuwa ne idan an tsotsa, ko an tauna, ko an kankare shi ya zama gari, ya hau hannu, hannu ya tafi baki. Kin ga ke nan dirza da nufin tsafta ita ce ke fito da gubar fili.

Ranar da abin ya faru, na wanke wa auta hannu da baki da sabulu, na sauya masa riga. Ruwan robar na zubar a masai, ban watsa a tsakar gida ba. Barandar kuma na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma har sau uku na jefar da tsumman. Ban yi shara ba, domin tsintsiya tayar da ƙura take yi.

Idan kina da juna biyu, ki bar wa wani wannan aikin. Dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga jariri.

Kayan da za ki tanada

Kusan duka suna cikin gidanki:

Tsohuwar jarida ko leda ta shimfiɗawa.
Safar hannu ta roba, irin ta kemis.
Burushi mai laushi, kamar tsohon burushin hoda da kika daina amfani da shi.
Tsumman auduga guda biyu, tsohuwar singileti ta wadatar.
Audugar goge kunne da tsinken sakace.
Hantsaki.
Sabulun ruwa na wanke-wanke.
Sifirit na kemis.
Man keken ɗinki.

Abubuwan da ba za su kusanci jirgin ba su ne soson ƙarfe, da toka, da omo, da bilic, da ruwan goge farce, da fetur, da kananzir.

Yadda ake aikin

Ki zaɓi wuri a waje, a inuwa, nesa da kicin da tabarmar da yara ke cin abinci. Ki bari sai ƙanana sun yi barci ko sun tafi Islamiyya. Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki hoton jirgin da wayarki ta kowane gefe har da ƙasansa, domin idan wani abu ya fita ki san mazauninsa.

Ki fara da ƙura. Ki bi jikinsa da burushi a hankali, ki shiga lungu-lungu. Ƙurar garinmu tana da yashi a ciki, idan kika sa tsumma kafin ki kaɗe ta za ta karce fentin. Idan kuma kika ga fentin yana ɓarewa da kansa, kada ki kaɗe, kada ki goge. Irin wannan na ajiya ne kawai.

Sai jiki. Ki ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya a kofin ruwa, ki tsoma tsumma ki matse shi sosai har ya zama danshi kawai ya rage. Ki gwada a ƙarƙashin jirgin, inda ba a gani. In launi ya biyo tsumman, ki tsaya nan. In bai biyo ba, ki goge kaɗan-kaɗan, kina bi da busasshen tsumma nan take. Kada ki taɓa tsoma jirgin cikin ruwa. Ruwan da ya shiga cikin injinsa ba ya fita, tsatsa yake zama.

Inda tsatsa ta riga ta kama a ƙarfen da ba fenti, kamar layin dogo da ƙugiyoyin da ke haɗa taragu, ki shafa man keke da auduga ki bar shi ya kwana. Da safe ki goge, abin da ya ƙi fita ki bi shi da tsinken sakace. Ba sai ta fita duka ba, abin da ake so shi ne a tsayar da ita.

Yanzu ki kifa shi ki duba ƙafafu. A na Baba na zaro gashi da zare da suka naɗe sandar ƙafa har sun zama kamar igiya, su ne ma suka hana shi motsi tun farko. Hantsaki da haƙuri ne maganinsu. A tsakanin haƙoran giya za ki ga tsohon mai ya daskare ya yi baƙi kamar ƙaro. Ki jiƙa audugar kunne da sifirit ki riƙa lakato shi, kina sauya auduga har ta daina yin baƙi. Ki kula kada sifirit ya taɓa fenti, yana iya dusashe shi.

Wajen sa mai ne mutane suka fi yin kuskure. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya ishi kowane wuri da ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe, wato bakin sandar ƙafa da tsakiyar kowace giya. Abin da ya malalo ki goge. Mai idan ya yi yawa ƙura yake kamawa, su haɗu su zama taɓo mai cin ƙarfe. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo bayan 'yan watanni. Baƙin man mota da basilin sun yi wa ƙaramin inji nauyi. Kada kuma mai ya taɓa bakin ƙafar da ke taka layi ko saman layin, in ba haka ba jirgin zai yi ta santsi a wuri ɗaya. Waɗannan wurare biyu da sifirit kawai ake goge su.

Sannan a zo wani. A cikin jirgin akwai sifirin, wani dogon siririn ƙarfe a nannaɗe, shi ke riƙe ƙarfin da makulli ya ba shi. Ki riƙe ƙafafun da yatsa, ki murɗa makullin sau uku ko huɗu kawai a karon farko, ki saki ya juya a hannunki. Ki maimaita kina ƙarawa a hankali, mai zai ratsa ko'ina. Duk lokacin da kika ji makulli ya yi tauri, ki tsaya, kada ki ce sai kin ƙure shi.

Idan makulli yana juyawa fayau ba ya riƙe komai, sifirin ya tsinke ko ya kuɓuce. Wannan ba aikin gida ba ne. Sifirin idan ya ɓalle da ƙarfi yake fita, yana iya yanka yatsa ko ya sami ido. Ki kai wa mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki, sun saba da irin wannan. Ki roƙe shi kada ya wanke jikin da fetur, kada kuma ya sake masa fenti. Jikin jirgin da 'yan kunnuwan ƙarfe aka harɗe shi, ba su jure lanƙwasawa fiye da sau biyu ko uku, don haka a rage buɗe shi.

Wani abu kuma: wasu tsofaffin jirage ƙafafunsu na zubi ne, da wani haɗin ƙarfe da kan kumbura ya tsattsage idan ya tsufa, danshi kuma yana hanzarta lalacewarsa. In kika ga ƙafa ta yi tsaga-tsaga kamar busasshen taɓo, ba ta da magani. Kada ki tilasta masa tafiya, gutsuren da zai faɗo zai iya ƙarewa a bakin mai rarrafe.

Idan kin gama, ki naɗe jaridar da audugar da safar hannun ki ƙulle a leda ki jefar. Kada a hura wuta da jaridar, kada a ba mai ƙosai. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci ko ki ba da nono.

Masu batir da masu lantarki

Mafi yawan kayan wasa masu batir da ake cewa sun mutu, ba mutuwa suka yi ba. Batir aka manta a ciki ya fashe ya ci ƙarfen da yake taɓawa. Ki sa safar hannu ki ciro batirin ki karanta jikinsa. Idan an rubuta Alkaline, farin garin da ya fito ɗan'uwan ruwan toka ne mai ƙarfi, abin da ke kashe shi tsami ne: ki jiƙa audugar kunne da ruwan lemon tsami ko ruwan kal ki shafa, za ki ga yana kumfa. Idan kuwa batir mai araha ne irin na rediyo da tocila, abin da ke fita daga cikinsa shi kansa mai tsami ne, sai ki yi amfani da ɗan ruwan kanwa. Ko wanne kika yi, ki bi da auduga mai danshin ruwa, ki bar shi ya bushe sarai kwana ɗaya kafin ki sa sabon batir. Idan garin ya shiga ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsafta na tsawon minti 15 sannan a tafi asibiti.

Masu lantarki kuwa, kada ki jona tsohuwar taransifoma sai mai gyaran rediyo ya duba ta. Robar tsohuwar waya takan bushe ta farfashe. Sannan kayan da aka yi don Amurka na wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa ta ninka haka. In aka jona kai tsaye ƙonewa zai yi.

Abu biyu da ke kawo mana yara asibiti

Na farko kananzir. Masu gyara da yawa da shi suke wanke ƙarfe, a gida kuma a gorar ruwa ko ta lemo ake ajiye shi. Yaro mai ƙishirwa a zafin watan Afrilu ba ya tsayawa sunsunawa. Idan hakan ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir shi ne ya faɗa huhu, amai da ɗure kuma su ne ke tura shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti ko da yana wasa.

Na biyu ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, wanda ke cikin kayan wasan zamani masu kiɗa da walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci. A garzaya asibiti nan take. Idan yaron ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, a kan hanya za a iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti 10, har sau shida. Zumar rage ɓarna take yi, ba ta fitar da batirin, don haka kada a tsaya neman ta a ɓata lokaci. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba ya ɗaure da kusa mai zare, ba na ƙaramin yaro ba ne.

Idan bakin gwangwani ya yanki yaro, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ki duba katin rigakafinsa. Allurar Penta da ake yi a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da rigakafin cutar sarƙewar haƙora. In bai cika ta ba, ko yankan ya yi zurfi, ku zo a duba.

Ajiya tsakanin hunturu da damina

Jirgin Baba ya kai yau ne saboda busasshiyar iskar ƙasarmu da kuma atamfar da aka naɗe shi a ciki. Abokan gabarsa a nan biyu ne: ƙurar hunturu da danshin watan Agusta. Ki naɗe shi da tsumman auduga, ba leda ba, domin leda tana tara gumi. Ki sa a kwali ko akwati, a kan kabad, ba a ƙasa ko jikin bangon da ke jiƙa ba. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna da amfani, amma a ɓoye su daga yara. Kada a bar shi a taga, rana tana cinye launi. Kafin ajiya ki bar sifirin ya warware gaba ɗaya, mai batir kuma ki cire masa batir. Sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da bayan hunturu, ki fito da shi ki kaɗe ki ɗiga masa mai.

Kada ki sake masa fenti. A wajen masu tara irin waɗannan kaya a ƙasashen waje, wanda ke da fentinsa na asali ko da ya kwarzane ya fi wanda aka sabunta daraja, wanda ke da kwalinsa na asali kuma ya fi su duka. Ki kuma ja wa yaran gida kunne, domin abubuwa irin wannan da yawa a buhun 'yan gwangwan suka ƙare, an auna su a sikeli an ba da kuɗin alewa.

Wa zai yi wasa da shi?

Wannan ce tambayar da ta fi ba ni wahala, domin Hajiya cewa ta yi in kai wa yara. Ga yadda muka daidaita a gidana. Babban ɗana mai shekara tara shi ke harhaɗa layi ya yi wa jirgi wani, ina zaune ina kallo, ba a cin komai a lokacin, in an gama kowa ya wanke hannu, jirgi ya koma kan kabad. Auta kallo ne nasa, daga kan cinyata. Duk yaron da bai daina kai abu baki ba, ba a ba shi tsohon abin wasa. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu kuma, kamar makullin jirgin nan, zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba.

Auta ya yi ta kuka, sai yayansa ya samo kara bayan girbi ya fere masa kan jirgi da taragu uku, ya haɗa su da zare, irin motar karan da maza ke yi tun muna yara. Shi yake ja a tsakar gida yana ihun jirgi da bakinsa. In ya karye, gobe a yi wani.

Ranar da muka kai jirgin gidan Hajiya, muka shimfiɗa layin a kan siminti, jikanta ya murɗa makulli ya saki. Jirgin ya ɗan yi gardama, sannan ya kama hanya yana ƙaf-ƙaf-ƙaf, tarago mai kyau a gaba, wanda na kankare a baya. Ya zaga sau biyar ya tsaya. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Haka yake yi. Daren da aka haife ki ma sai da babanki ya fito da shi ya kunna, wai murna yake yi." Ta sa bakin mayafi ta share ido, ta ce wa yaron, "Ƙara masa, ɗan albarka."

Yarana ba su taɓa ganin jirgin ƙasa na gaske ba. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara masa reshe zuwa nan Dutse, babban ɗana kuma kusan kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu hau. Na ce masa in Allah Ya kai mu, kakarsa za mu fara saya wa tikiti. Kafin nan, na kakansa yana kan kabad a naɗe cikin atamfarsa, an ɗiga masa mai, yana jiran Asabar.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.